Faɗan sojoji da ake koyarwa a wuraren tirenin, yana aiki a titi kuwa?

Matafiyi_dare:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina neman shawara daga waɗanda suka san harkar nan. Aikina na dare ne, sai wajen ƙarfe ɗaya ko biyu nake tasowa, kuma akwai 'yar tafiyar ƙafa tsakanin inda mota ke sauke ni da gida. Kwanaki an tare wani abokin aikinmu a irin wannan lokacin, aka karɓe waya aka yanke shi a hannu, tun daga ranar hankalina bai kwanta ba. To sai na ci karo da tallar wani wajen tirenin suna cewa suna koyar da irin faɗan da ake koya wa sojoji, Krav Maga na sojojin Isra'ila da na kwamandojin Rasha, wai cikin wata uku za ka iya ƙwace wuƙa har da bindiga daga hannun mutum. Bidiyon nasu ya burge ni gaskiya. Tambayata, abin nan yana aiki in an zo da gaske? Ko in tafi boksin ko judo kawai? Ni ba gasa nake nema ba, so nake in riƙa komawa wa iyalina lafiya.

Gwarzo99:
Wa alaikumus salam. Shiga kawai malam kar ka tsaya jan ƙafa. Boksin da judo wasanni ne, akwai alƙali akwai ƙararrawa akwai dokar kar ka daki nan kar ka daki can. Titi kuwa ba alƙali. Krav Maga an yi shi ne don ka gama da mutum nan take, ido, maƙogwaro, gaba, shikenan. Abin da sojoji ke amfani da shi a fagen daga ai bazai zama na wasa ba.

Kofur_mai_ritaya:
Allah ya ba abokin aikinka lafiya. Ɗana bari in faɗa maka abin da na sani, don na sa kaki na daɗe a cikinsa. Abin da mutane ba su gane ba, soja ba da hannu yake yaƙi ba. Lokacin da muke kurata abin da ya cinye mana lokaci shi ne fareti, gudu da kaya a baya, kwance bindiga da haɗa ta, harbi, da bin umarni ko daga barci aka tashe ka. Faɗan hannu ana yi amma ɗan kaɗan ne, a nuna maka suka da banati, duka da gindin bindiga, kayarwa biyu uku, a wuce. Kuma ba wai so ake ka zama gwani ba, so ake a cire maka tsoron haɗa jiki da mutum, ka saba a dake ka ka ci gaba. In ka ga soja ya kai ga kokawa da abokin gaba hannu da hannu to abubuwa da yawa sun riga sun lalace, ko harsashi ya ƙare ko bindiga ta cije ko an raba shi da 'yan uwansa. Ko a lokacin ma abin da yake yi shi ne ya riƙe mutumin, ya kare bindigarsa kar a ƙwace, har nasa su iso. Kai da kake tafe kai kaɗai cikin dare wa zai iso maka? Ba ka da rigar sulke, ba ka da hular kwano, ba kowa a bayanka. Saboda haka kalmar nan ta "na sojoji" da ka gani a talla kar ta ruɗe ka. A cikinmu waɗanda na san sun iya faɗa da gaske, ko dai sun shigo da iyawarsu ne, ko kuma 'yan ƙungiyar boksin ɗin bariki ne da ke tirenin kullum da yamma bayan kowa ya tashi.

Mai_bincike:
Maganar Baba Kofur akwai lissafi a bayanta. Sojojin Marin na Amurka, masu kai farmaki daga teku, suna da nasu tsarin faɗan hannu mai suna MCMAP, da suka fara a 2001, bel biyar ne a ciki, wato matakai biyar. Bel na farko da kowane kurtu ke samu awa 27 da rabi ne kacal na horo. Sojojin ƙasansu kuma kwas ɗin matakin farko awa 40 ne, sati ɗaya an gama. Yanzu ka ɗauki yaron da ke zuwa boksin sau uku a sati, awa ɗaya da rabi kowane zuwa, kafin wata uku ya wuce kowannensu a yawan awoyi. Kuma wanda ya tsara na sojojin ƙasan, Matt Larsen, abin da shi kansa yake nanata musu shi ne a yaƙi wanda abokinsa ya riga isowa da bindiga shi ke cin faɗan hannu. Daidai da abin da Baba ya faɗa.

Gwarzo99:
To in ba ya aiki me yasa ƙasashe ke kashe kuɗi suna koyar da shi? Ku dai baku ga kwamandoji suna yi ba ne.

ɗan_judo:
@Gwarzo99 ba wanda ya ce ba ya aiki, cewa aka yi an yi shi ne don wani aiki daban. Kuma wannan rabon da ka yi na "wasa" da "na gaske" in ka bi tarihin abin sai ka ga bai tsaya ba. Mutumin da ya kafa Krav Maga, Imi Lichtenfeld, zakaran boksin ne da kokawa a Biratislaba, babban birnin Silobakiya a yau, tun kafin ya fara faɗan titi da 'yan fasist a shekarun 1930. Wato da jikin ɗan wasa ya shiga titi, sai ya rage abin da bai dace ba ya ƙara abin da ya dace. Salon kokawar Rasha da ake kira sambo, ɗaya daga cikin waɗanda suka assasa shi, Vasili Oshchepkov, a Japan ya yi karatun judo a makarantar Kodokan, ya dawo ya haɗa da kokawar ƙabilun Tarayyar Sobiyet, gwamnati ta amince da shi a 1938. Na sojojin Amurka da Mai_bincike ya kawo, da Larsen ya fara shi a 1995 a kan jujitsun Barazil, wato kokawar ƙasa ta shaƙewa da murɗe gaɓa, ya ɗora shi. Ka ga ke nan sojojin ma wurin 'yan wasa suka je suka ɗebo. Me yasa? Saboda ɗan wasa kullum yana gwada abinsa a kan mutumin da ba ya son a kayar da shi. Wannan shi ne sirrin gaba ɗaya. Tsone ido da murƙushe maƙogwaro ba za ka taɓa gwada su da ƙarfi a kan abokin tirenin ɗinka ba, sai dai ka yi alama ka tsaya, shi kuma ya yi kamar ya faɗi. Abin da ka saba yi da alama ranar gaske ma alamar za ka yi. Jigoro Kano da ya kafa judo a 1882 abin da ya yi ke nan, ya ware dabaru masu haɗari daga karawar yau da kullum don ɗalibai su iya gwabzawa da dukkan ƙarfinsu kullum ba tare da sun nakasa juna ba.

Sadiq_MMA:
Wlh gaskiya ne. Ku tuna Xu Xiaodong a Sin a 2017, ɗan MMA ne, wato gasar faɗa mai haɗa naushi da shuri da kokawa, da ba ma wani shahararre ba, ya kara da malamin tai chi, wani salon faɗan gargajiya na Sin, da ake nunawa a talabijin, ko rabin minti ba a yi ba malamin yana ƙasa. Khabib Nurmagomedov ɗan Rasha kuma sambon faɗa ya yi, sau biyu yana zama zakaran duniya a ciki, ya bar MMA a 2020 da faɗa 29 ba a taɓa cin sa ba. Amma sambonsa na karawa ne kullum, ba na bidiyon da ake taɓa mutum da yatsa ya faɗi ba.

Koci_Bash:
Ni Krav Maga nake koyarwa don haka bari in kare gidanmu kaɗan, amma da gaskiya. Abin da ɗan_judo ya faɗa kan karawa haka yake, duk makarantar da ba a sa safar hannu da robar haƙori a gwabza to rawa ake koyarwa a wurin. Sai dai akwai abubuwan da boksin da judo ba za su koya maka ba don ba aikinsu ba ne. Ɗan boksin ya saba mutum ɗaya ne a gabansa, idonsa na kansa shi kaɗai, bai saba waigawa ba. Ɗan jujitsu yana jin daɗin zuwa ƙasa, a titi kuwa kana ƙasa kana shaƙe ɗaya na biyun zai zo ya taka maka kai. Mu abin da muke maimaitawa shi ne daka, ture, duba hagu da dama, fita. Muna kashe fitila, mu kunna ƙara, mu gajiyar da mutum sai yana haki sannan mutum uku su taso masa da filo. Ba don ya cinye su ba, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi ko a ina, don ya koyi kar ya tsaya a tsakiyarsu ya nemi hanyar ƙofa. Amma batun ƙwace wuƙa cikin wata uku, @Matafiyi_dare duk wanda ya yi maka wannan alƙawarin kuɗinka yake so. Gwaji ɗaya nake yi wa sababbin ɗalibai masu zuwa da wannan tunanin. In sa mutum ya sa farar riga, in ba abokinsa jar maka, irin alƙalamin rubutu a farin allo, a matsayin wuƙa, in ce masa ka soke shi da gaske kar ka tsaya, daƙiƙa goma sha biyar. In an gama sai mu tsaya gaban madubi. Ciki, haƙarƙari, damtse, wuya, tafin hannu, ko'ina ja. Har waɗanda suka daɗe suna tirenin ba sa fita da farar riga. Mai wuƙa ba ya miƙo hannu ya tsaya kamar yadda ake yi a bidiyo, da ɗayan hannun yake cafke rigarka ya riƙa kai suka gajeru gajeru da sauri.

Nas_Hauwa:
Koci Allah ya saka da alheri da ka faɗi wannan. Ni a sashen gaggawa nake aiki. Abin da na fi gani a waɗanda aka soka, da yawansu cewa suke ba su ma san an soke su ba, sun zaci naushi ne, sai da suka ji riga ta jiƙe ko ƙafa ta ƙi ɗaukarsu. Kuma yanka a tafin hannu da yatsu na waɗanda suka kama wuƙar, in jijiyar ta tsinke ko an ɗinke wani yatsan ba ya komawa daidai. In babbar jijiyar cinya ce aka samu mutum na iya rasuwa cikin 'yan mintuna kafin ma a samo mota. Don haka ni shawarata duk mai maganar kare kai ya fara koyon tsayar da jini. Ka danne wurin da ƙarfi da tsumma ko rigarka, kar ka riƙa ɗagawa kana leƙawa, in ya jiƙe ka ƙara wani a kai. In a hannu ne ko ƙafa kuma jinin na tsartuwa, a ɗaure sama da ciwon tamau a rubuta lokacin da aka ɗaure. In wuƙar na jiki kar a zare ta. Wannan cikin yini ɗaya za a koya maka kuma ya fi yiwuwa ka yi amfani da shi a rayuwarka fiye da ƙwace makami.

Baban_Khalil:
Anti Nas wannan bayanin naki ya kamata a maƙala shi a saman guruf ɗin nan.

Mai_bincike:
Ƙari kan batun wuƙa. A 1983 wani sajan ɗan sanda a Amurka, Dennis Tueller, ya gwada ya ga mutum mai wuƙa yana cinye tazarar ƙafa 21, wajen mita shida da rabi, cikin daƙiƙa ɗaya da rabi. Wato kusan lokacin da ɗan sanda mai horo ke buƙata ya zaro bindiga ya harba. Mai bindiga ma ke nan, balle mai hannu biyu.

Abu_Hanif:
Ni abin da ban gane ba, duk maganarku tana komawa ga a miƙa waya a gudu. To ina hadisin da ya ce wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa shahidi ne? In kowa ya riƙa miƙawa ai ɓarayin ƙara samun gindin zama za su yi.

Malam_Shiru:
@Abu_Hanif hadisin ingantacce ne, yana cikin Bukhari da Muslim. Amma abin da malamai da yawa suka yi bayani a kai shi ne kare dukiya halal ne, an ba ka dama, ba a wajabta maka ba. In ka ga barin ta shi zai tsirar da ranka ka bar ta ba ka yi laifi ba. Kuma a nan muna magana ne kan mutumin da ke da mata da 'ya'ya suna jiransa, ana sayen wata wayar. Batun rai da mutunci kuma hukuncinsa daban ne, nan kam ana tsayawa.

Kofur_mai_ritaya:
Malam ya raba gardama. In kaya suke so ba su. Amma in suka ce shiga mota, ko mu je can bayan gini, ko suka fara ɗaure maka hannu, to nan ne wurin da za ka yi duk abin da za ka iya, ihu, duka, gudu, a nan inda ake iya ganinku. Wanda zai ɗauke ka daga inda mutane suke ba waya yake so ba.

Ummu_Sumayya:
Ku yi haƙuri in shigo da ɓangarenmu, don duk hirar nan maza ne ke maganar ɓarawo a lungu. Mu mata yawancin abin da ke samunmu ba daga baƙo mai wuƙa yake zuwa ba, daga wanda aka sani ne, a cikin ɗaki ko ofis ko mota, kuma yana farawa ne da magana da matsowa da taɓawa kaɗan kaɗan. Wane faɗan kwamando ne zai yi maganin wannan? Akwai binciken da aka yi a jami'o'i uku na Kanada, Farfesa Charlene Senn ta jagoranta, aka buga a 2015. Ɗalibai mata 893 ne, rabi aka ba su horon awa 12, rabi aka ba su takardun bayani kawai. Bayan shekara guda waɗanda aka yi wa fyaɗe a cikin masu takarda kashi 9.8 ne cikin ɗari, a cikin masu horo kashi 5.2. Kusan rabi fa ya ragu. Kuma a zama huɗun da aka yi ɗaya ne kawai ya shafi duka da ƙwacewa, sauran galibi kan gane alamun haɗari ne da wuri, da cire nauyin baki, ki iya cewa a'a da ƙarfi ko da mutumin wanda kike jin kunyarsa ne, ki tashi ki fita ba sai kin nemi uzuri ba. Ni wannan ne nake so a koya wa ƙannena da 'ya'yana, kuma mace ta koyar.

Maman_Ilham:
Wlh 'yar uwa kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Kunyar nan ita ke cutar da mu, yarinya tana jin abu bai yi mata ba amma tana tsoron kar a ce ta yi rashin kunya ga babba.

Koci_Bash:
Hajiya Ummu gaskiyarki. A ajin mata abin da ya fi wuya ba naushi ba ne, ihun ne. Sai ka ga mace ta iya dukan filo da kyau amma ka ce ta daka tsawa ta ce "matsa baya" muryar ta ƙi fita. Sai an yi ta maimaitawa.

Zaki_fama:
Ni dai tsakani da Allah abin da ya fito daga sojojin Isra'ila bazan kai kuɗina wurin ba, da abin da muke gani a Gaza.

ɗan_judo:
@Zaki_fama wannan ra'ayinka ne kuma ba wanda zai tilasta ka. Ba ma sai ka je can ba, naushi da gwiwa da kayarwar da ke ciki duk za ka same su a boksin da muay thai, wato damben Tailan, da kokawa. Kuma ba su suka fara irin wannan tsarin ba, William Fairbairn ɗan Ingila tun 1907 yake aikin ɗan sanda a Shanghai, daga faɗan titin can ya tsara nasa, shi ya koya wa kwamandojin Birtaniya a yaƙin duniya na biyu. Shi ma 'yan dabaru kaɗan ne masu sauƙi don mutanen da za a tura fagen daga cikin 'yan kwanaki.

Admin_Garba:
Jama'a dan Allah a tsaya kan tambayar da aka yi, batun siyasa akwai zaurensa daban.

Matafiyi_dare:
Na gode ƙwarai da gaske, ina karanta komai. Jiya na biya wajen na ce zan kalla kafin in yi rajista. Abin da na gani, kocin sanye da wandon kaki, ɗalibai biyu biyu, ɗaya ya miƙo bindigar roba ya tsaya cak, ɗayan ya murɗe ya karɓe, su sake. Haka aka yi ta yi har aka tashi. Ba wanda ya sa safar hannu, ba wanda ya yi gumi sosai. Na tambaye shi ko ana karawa sai ya ce dabarunsu sun yi haɗari da yawa ba a gwada su. To yanzu wata tambayar, in na riƙa yawo da 'yar wuƙa a aljihu fa don tsoratarwa?

Koci_Bash:
Amsar da ya ba ka ta isa, kar ka koma. Wuƙa kuma a'a.

Barista_Zee:
@Matafiyi_dare dan Allah kar ka fara. Na ɗaya a ƙasashe da yawa yawo da wuƙa ba dalili laifi ne da kansa, kafin ma ka zaro ta. Na biyu ranar da ka zaro don tsoratarwa ka mai da faɗan waya ya koma faɗan rai, kuma wanda ke gabanka wataƙila ya fi ka sabawa da ita. Sannan ku masu tirenin akwai abin da ba a faɗa muku. Dokar kare kai kusan ko'ina sharuɗɗanta iri ɗaya ne, haɗarin ya zama yana gabanka a lokacin, ƙarfin da ka yi amfani da shi ya dace da girman haɗarin, kuma da zarar haɗarin ya kau ka tsaya. Soja ana koya masa ya ƙarasa abokin gaba, kai farar hula in mutum ya faɗi ka bi shi da taku a kai, ko ya juya yana gudu ka bi shi, to daga nan kai ne mai laifi kuma kyamarar tsaro ba za ta nuna abin da ke zuciyarka ba. Naushi ɗaya ma yana kisa, ba naushin ba, faɗuwar da ƙeya ke yi a kan kwalta. A Ostireliya abin ya yi yawa har jihar New South Wales ta yi masa doka ta musamman a 2014, in mutum ya yi kisa da duka ɗaya yana cikin maye mafi ƙarancin hukuncinsa shekara 8 ne. Ko feshin barkono da ake sayarwa ka binciki dokar inda kake kafin ka saya, wani wurin an yarda wani wurin makami ne.

Gwarzo99:
Barista duk na ji, amma ni gara a kai ni kotu da a kai ni maƙabarta. Kuma har yanzu ina kan bakana, wanda ya koyi ƙwace wuƙa ko yaya ne ya fi wanda bai koya ba.

Kofur_mai_ritaya:
Ɗana Gwarzo, ya fi shi in ya san iyakarsa. In bai sani ba wanda bai koya ba ya fi shi tsawon rai, don shi da ya ga ƙarfe zai ba da kaya ya kama gabansa, wancan kuwa zai miƙa hannu. Kuma wani abu da ba a ji sai an shiga, ranar da abin ya zo da gaske jikinka ba naka ba ne. Hannu na rawa, yatsu ba sa kama abu daidai, ido ba ya ganin gefe sai abin da ke gabanka, wani ma kunnensa toshewa yake. Na ga ƙato ya kasa sa harsashi a bindigar da yake kwancewa ido rufe. Dabarar da ke da mataki biyar ba za ta fito ba a wannan halin, sai abu mai sauƙi da ka yi sau dubbai.

Baban_Khalil:
Ni ban taɓa tirenin ɗin faɗa ba amma na daɗe ina aikin dare kamar mai tambaya. Abin da ya taimake ni, waya na aljihu tun kafin in sauka daga mota, ba abin kunne, makulli na hannu tun daga nesa ba sai na zo ƙofa in tsaya lalube ba. Ina bin gefen da ke da haske ko da ya fi nisa, ba na bin hanya ɗaya kullum a lokaci ɗaya, kuma in na hango mutum biyu tsaye inda ba dalilin tsayuwa ba na jin kunyar juyawa. Mun kuma haɗa kai da wasu abokan aiki biyu muna sauka tare. Sannan takalmi, ka sa wanda za ka iya gudu da shi.

Mai_bincike:
Abin da Baban Khalil ke yi shi ne abin da Jeff Cooper, tsohon hafsan Marin, ya tsara da launuka. Fari kana tafe hankalinka ba ya wurin, rawaya kana sake amma kana lura, ruwan lemo ka ga wani takamaiman abu da bai yi maka ba ka fara shirin abin da za ka yi, ja abin ya auku. Shi cewa yake mutum ya zauna a rawaya duk lokacin da yake waje. In akwai abin sojoji da ya dace da farar hula kai tsaye to wannan ne.

Dattijo_58:
Sannunku. Mu da shekaru suka ja kuma gwiwa ta fara ciwo fa, akwai abin da za mu iya ko mun makara?

ɗan_judo:
Baba ba ku makara ba amma a bi a hankali, a fara ganin likita. Judo da faɗuwarsa zai yi muku nauyi, sai dai koyon yadda ake faɗuwa ba a buga kai ba wannan yana da amfani ko a banɗaki ne santsi ya kwashe mutum. Dukan buhu da filo irin na boksin ba tare da karawa mai ƙarfi ba, da tafiya mai sauri don numfashi, sun isa farawa. @Matafiyi_dare kai kuma in ni ne kai boksin zan fara ko muay thai, in haɗa da kokawa ko judo in akwai kusa, don ka iya tsayawa da ƙafarka in an rungume ka. Wanda ya fi kusa da gidanka kuma za ka iya zuwa ba fashi shi za ka zaɓa.

Koci_Bash:
Ni kuma zan ce in ya samu makarantar Krav Maga ko sambo da ake karawa da gaske ya shiga, don zai samu naushin kuma ya samu atisayen mutum da yawa da na makami, wanda boksin ba zai ba shi ba. Matsalar dai irin waɗannan makarantun ba su da yawa.

Sadiq_MMA:
Koci a nan ne muka rabu, ni ban taɓa ganin ɗan Krav na shekara ɗaya da zai tsaya wa ɗan boksin na shekara ɗaya ba.

Koci_Bash:
A cikin filin boksin na yarda. A wurin ajiye motoci da mutum biyu kuma sai mu sake zama.

Gwarzo99:
Gwajin makar nan zan yi shi ranar Asabar da ƙanena, zan ɗora muku bidiyon ku gani da idonku.

Koci_Bash:
Madalla, amma da sharaɗi. Ku sa tabarau na kariya ku biyun, maka mai taushin baki, a kan ciyawa ko katifa ba siminti ba. Kar ka faɗa masa ta inda zai kawo sukan kuma kar ya fara daga nesa yana nuna maka makar, ya ɓoye ta a bayan cinyarsa ku fara kuna magana tazarar hannu ɗaya. Ka ce masa in ya yi maka layi goma akwai kyauta, don ya yi da zuciya ɗaya. Sai ka ɗauko mana hoton rigar gaba da baya.